Hayaƙi a Ramin Inji

Ƙarar injin ce ta fara yi mini nisa, alhali hannuna na kansa. Na ɗaga kai na ga bakin ramin ya ƙanƙance. Na so in kira Inna, harshe ya ƙi juyawa.

Ramin nan mu muka haƙa shi, matan ƙungiyar lambu, a fadamarmu kusa da Gidan Amumune. Masu furoje, ƴan aikin tallafin noma, sun zo da farar mota, suka jera mana rijiyoyi dab da juna, suka ba mu injin ban ruwa, aka ɗauki hoto. Shekarar farko albasa ta yi kyau. Daga nan ruwa ya yi ƙasa, don rijiyoyin duk jijiya guda suke sha. Shingen dutsen da aka ce za a yi a korama, don ruwan damina ya tsaya ya nutse, har yau ko tsakuwa ba mu gani ba. Da inji ya kasa jawo ruwa daga sama, sai muka yi rami a gefen rijiya muka saukar da shi. Kowane rani a ƙara zurfi.

Ni aka ɗora wa injin don na yi kwaleji. A horon da aka ba mu a Mayahi, da Faransanci, an yi maganar esansi, wato fetur, an yi ta buji, fulogin inji. Ba wanda ya buɗe baki ya ce hayaƙin nan yana kwanciya a rami, yana kisa. Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe.

Maƙwabciyarmu ce ta toshe hanci da mayafi, ta sauka ta ɗaura mini igiyar guga, aka jawo ni sama. Na farfaɗo a gindin zogale, ina jin muryar Gwaggo, yayar babana.

"Mutanen rijiya ne suka taɓa ta. A kawo garwashi da turare."

Aka kawo kasko har bakin hancina. Ina so in ture, hannu bai tashi ba. Inna ta sa ƙafa ta shure shi.

"Yaya, ɗiyata hayaƙi ta sha, shi za ki ƙara mata?"

"To, likita. Yaushe kika yi karatun?"

"Ki kira mini kabu-kabu, ki bar ni da jahilcina."

A tsakiyarsu aka sa ni, Inna da mai babur, har asibitin Mayahi. Kaina kamar ana daka a ciki. Na yi ta tambaya ko mutuwa zan yi, kowa sai ya ce in yi shiru in ja numfashi.

Bayan la'asar majo, babban ma'aikacin jinya, ya sa na taka zuwa ƙofa na dawo. Ya ce wa Inna kada kowa ya sake shiga ramin nan inji na aiki.

"Albasar fa, wa zai shayar?" in ji Inna.

Majo ya juyo. Ni ya duba.

"Ƴammata, daina kyarma. Kin tsira."