Fim Ɗin da Muka Sa Mai Sharar Masallaci

Na fi shekara goma da dawowa Fatakwal bayan yaƙin basasa lokacin da Alhajin da nake haya a gidansa ya sayo na'urar ɗaukar bidiyo. Ni tela ne, shagona yana bayan Kasuwar Creek Road. Zamanin kuɗin mai ne, har masu dako ɗinka shadda suke yi. Alhaji da albasa ya fara, sai ya samu kwangilar kai wa wani kamfanin mai kayan abinci, daga nan ya rasa abin da zai saya. Bikin sunan jikarsa kawai ya ɗauka da na'urar, ya gaji da ita, ya miƙa wa ƙanensa.

Ƙanen nan ya haura talatin, ba shi da sana'a sai zaman silima. Ya ce fim zai yi. Labarin wasu mutane ne da suka yi rantsuwa a asirce, suka shigo cikin Musulmi da rawani da carbi. Aikinsu shi ne kowace Juma'a su karkata tabarmin masallaci da faɗin yatsa, har wata rana jama'a su wayi gari suna sallah suna fuskantar teku. Wani matashin malami ne zai tona musu asiri. Mai sayar da agogo na layinmu ya karɓi matsayin malamin, ni kuma na ɗinka wa maƙiyan baƙaƙen riguna da ragowar yadin makoki da matan garin ke kawo mini. Shugaban munafukan ne kowa ya ƙi. Ni na ce, ai ga mai sharar masallaci.

Tsoho ne, asalinsa daga wajen Zariya. Da muka gudu arewa, shi bai gudu ba. Matarsa 'yar wani ƙauye ce a bakin ruwa, danginta suka ɓoye shi a bukkar da suke bandar kifi har aka gama yaƙin. Da muka dawo, shi muka tarar ya kwashe kashin awaki daga masallacin, ya toshe rufin, makulli na rataye a wuyansa. Mun yi masa godiya kamar mako guda. Daga nan aka fara tambaya a bayan idonsa. Me ya ci a shekarun nan, wa ya ga sallarsa, me ya sa shi aka bar shi da rai. Kusan kowannenmu ya rasa wani. Ni yayana na rasa.

Na same shi yana wanke butoci.

"Baba, Alhaji yana so ka fito a fim."

"Ni, Tela? Me na iya?"

"Abin da ka saba. Ka buɗe ƙofa, ka gyara tabarmi."

"To ai wannan ba wuya," in ji shi, har da dariya.

Washegari ya zo da wankakkiyar riga. Ba wanda ya ba shi labarin fim ɗin. A ce masa ja tabarma, ya ja. A kira shi daga baya, ya waiwaya. Bayan kwana huɗu ƙanen Alhaji ya zo shagona yana ƙorafi, wai fim ɗin ba shi da hujjar da za ta girgiza mutane. Ina kan keken ɗinki, ko ƙafata ban ɗaga ba, na gaya masa cewa duk Lahadi tsohon yana raka matarsa har ƙofar coci, domin idonta ya fara mutuwa, sai ya zauna gindin bishiya ya jira ta. Ran Lahadin suka bi shi a motar Alhaji, suka ɗauki hotonsa ta taga.

An nuna fim ɗin wata Asabar bayan la'asar a falon Alhaji, aka rufe tagogi da buhunan albasa. Tsohon aka zaunar a gaba, ya zo da goro yana rabawa.

Gaskiya fim ɗin bai yi kyau ba. Ƙarar janareto ta cinye rabin maganar. Mai agogo kowace fitowa da sabon agogo a hannunsa, yana ta juya shi wajen na'ura. Ana tsakiyar rantsuwar asiri akuya ta ratsa ta tsakaninsu tana tauna leda. A wurin faɗa, naushi ya wuce kunnen mutum da nisa, mutumin ya tsaya ya yi tunani kafin ya faɗi. Limaminmu ma, daga cikin 'yan kallo, da ƙarfi ya ce mihrabin siminti ne, jan tabarma ba ya sauya alƙibla, aka bushe da dariya.

Amma duk inda tsohon ya fito, dariyar sai ta ragu. Shi kaɗai ne ba ya kallon na'ura. Yadda yake jan gefen tabarma da babban yatsan ƙafa, da yadda yake waiwayowa da sauri kafaɗarsa a ɗage, irin na wanda ya taɓa ɓuya, ba wanda zai iya koya wa mutum wannan. Ƙanen Alhaji ya ɗora muryarsa a kai, cikin raɗa, yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Tsigar jikina ta tashi, ni da na san yadda aka yi.

Sai ga ƙofar cocin. Hoton yana rawa, amma an gan shi sarai riƙe da hannun mace, wani mai farar riga yana gaishe shi kamar sun saba. Wani daga baya ya ce, "Wannan kam ba wasa ba ne. Na san wurin."

Tsohon ya juyo ya dube mu. "Matata ce," ya ce. "Idonta ne ba ya gani." Ya zauna har aka gama, ya ɗauki takalmansa ya fita.

Kaset ɗin ya zaga gidaje. Direbobin motocin shanu suka kai shi Onitsha, suka kai Obiagu a Enugu, har baƙi in sun zo Juma'a sukan tambaya a nuna musu tsohon. A sahu aka fara barin gurbin mutum ɗaya a kowane gefensa. Wani ya kawo abin duba alƙibla da ya sayo a Makka, aka auna, aka ga daidai take. Sai aka ce ai mayar da ita ya yi da ya ga asiri ya tonu.

Dattawa suka yanke a karɓi makullin. Ni aka aika, tunda ni na saba da shi. Na tarar da shi a ƙofar ɗakinsu, matar tana ciki tana ɓare agushi da lalube.

"Tela, wa ya nuna musu hanyar cocin?"

"Baba, ni ɗinki kawai na yi."

Matar ta yi magana da yarensu, ya amsa mata a hankali. Sannan ya ciro igiyar makullin daga wuyansa ya sa mini a hannu.

"Yana cijewa," ya ce. "Sai ka ɗan ɗaga ƙofar kafin ka murɗa."

Kafin azumi shi da matarsa suka tashi zuwa wajen unguwar Oil Mill. Ƙanen Alhaji bai sake yin wani fim ba, amma ya daɗe yana alfahari a teburin mai shayi cewa shi ya gano ɗan wasa na gaske. A wannan kam bai yi ƙarya ba. Na sake kallon kaset ɗin sau biyu kafin danshi ya cinye shi, kuma duk sau biyun wurin tsohon nake jira.

Bayan shekara biyu wani mai dako ya leƙo shagona ya ce tsohon ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Saura kwana uku sallah, ɗinki ya yi mini yawa. Na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da taka keke.