Ciyawar da Kawu Clarrie Ke Kewayewa

Kawu Clarrie Epi bai iya zama ba. Shayi a tsaye yake sha, a coci ma yana bakin ƙofa yana sauya ƙafa. Shekara arba'in da ɗaya yana yankan ciyawar gidan Kinvarra, ƙaton gidan nan mai baranda da ke tsakiyar gonakin rake, ni kuma ina kicin ina gasa wa masu zuwa kallon gidan burodi.

Kyaftin Rothery ne ya gina gidan. Da jirgin ruwansa ya kwaso mutane daga tsibirai, wasu da daɗin baki, wasu da igiya, su sare masa rake. Kakan Kawu yana cikinsu. Tagogi masu launi daga Ingila aka kawo su, fiyano ma haka, ko da yake an ce ba wanda ya iya kaɗawa. Kabarin Kyaftin na marmara yana kan tudu, kusa da shi na karensa, da suna da shekarar mutuwa. Wannan karen har gobe yana ci mini rai.

Namu mutanen kuwa, masu saran raken, bayan bargar dawaki aka binne su, ba dutse, ba itace. Mahaifin Kawu, wanda shi ma wannan aikin ya yi, abu ɗaya ya gaya masa: "In ka zo nan, ka kewaye. Su goma sha biyu ne." Doguwar ciyawa ita ce alamarsu.

Sai ga Madam Haldane ta sayi gidan don ta riƙa ba da hayarsa ga masu bikin aure, tana neman wurin ajiye motoci.

"Clarrie, wannan dajin fa? Ran Litinin ta sama masu kwalta za su zo."

"Akwai mutane sha biyu a ciki, Madam."

"Kawo mini takarda ɗaya in gani, sai in fasa."

Ba muguwa ba ce, takarda kawai ta yarda da ita. Kawu ya shiga zirga-zirga, daga coci zuwa ofishin gunduma, daga can zuwa gidan tsofaffi. A tsohon littafin gidan ya samu sunayen dawakai bakwai, ba sunan mutum ko ɗaya. Ya dawo yana safa da marwa a kicin ɗina.

"Kawu, don Allah zauna, kana sa ni jiri."

"Ke Merle, bakinki ya fi tandarki zafi. Ba ni ruwa."

Ran Asabar Madam ta ce ya yanke wurin, in ba haka ba ta kira mai tarakta.

"Gara ni," in ji Kawu. "Na san inda zan sassauta hannu."

Ya cire hularsa, ya tura ƙaramin injin yankansa cikin ciyawar da tun zamanin ubansa ba a taɓa ba, yana tafe yana ba su haƙuri. Ina kallo ta taga, hawaye na zuba mini, haushin kowa nake ji har da shi.

Ran Lahadi da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka fita. Ashe ƙasa ta lotsa a kan kowane kabari, ciyawa ce ta rufe. Ga ruwa kwance a ramuka, a jere, duk sun miƙe gabas wajen teku.

Madam ta zo da takalmin roba, ta tsaya tana ƙirgawa da yatsa. Da ta gama ta sake daga farko.

"Clarrie, ka ce sha biyu."

Sha bakwai ne. Biyar na ƙarshen layi ba su wuce tsawon hannuna ba.

Madam ta juya, na jiyo ta a baranda tana gaya wa masu kwalta kada su zo. Kawu ya taka zuwa mafi ƙanƙanta, ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya daɗe.

"Merle," ya ce, "Baba bai gaya mini da yara ba."