Ƙananan fayilolin da na raina

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina a harkar kyamara, wani kamfanin jima a Challawa da ke Kano ya ba ni aikin ɗaukar hotunan fatunsu, za su aika wa masu saye a ƙasar waje. Sharaɗinsu ɗaya ne: launin da ke hoto ya zama shi ne na fatar, ba ƙari ba ragi.

Shi ɗanyen hoto dishi-dishi yake fitowa daga kyamara, sai an gyara. Sati uku muka yi da wani dattijo, shugaban masu rinin kamfanin. Yakan riƙe fata a gefen kwamfutata ya ce, "A'a ɗana, jan nan ya yi yawa, sassauta masa." Muna gamawa ya yi ritaya, ya koma garinsu.

Abin da ban sani ba, gyaran ba a jikin hoton yake zama ba. Manhajar tana ajiye shi ne a wani ɗan mitsitsin fayil kusa da kowane hoto. Da na tashi yin ajiya a babban filash, sai na tsince hotunan na bar ƙananan, wai tarkace ne. Har yaba wa kaina tsafta na yi.

Saura kwana biyu in miƙa aiki, aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone. Mai gyara a Bompai ya duba ya girgiza kai. Na ce ba komai, ai ina da ajiya. Na ari kwamfutar abokina na buɗe filash ɗin. Hotuna suna nan, gyara babu. Jan fatar ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

Na dawo gida da azahar, abinci ma na kasa taɓawa. Matata ta ce, "Maigida, lafiya kuwa?" Na kwashe komai na faɗa mata.

Ta ce, "Foldar da ka rubuta wa Challawa? Ai tana cikin filash ɗina. A ciki ka jefa hotunan bikin sunan jaririn ƙanwata, na yi ta roƙo ka tura mini, kullum sai ka ce gobe. Ranar Juma'a da ka tafi masallaci na kwafa daga kwamfutarka. Ban san wanne ne wanne ba, shi ya sa na kwashi duka."

Na saka filash ɗinta a kwamfutar da na aro. Launukan dattijon suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ban san lokacin da na yi sujada ba.

Yanzu folda sukutum nake kwafa, wuri biyu, sannan in buɗe ta a wata kwamfutar in gani da idona. Har yau idan na tuna sai in yi ajiyar zuciya, in kuma ji 'yar kunya. Ni da nake ganin na san abin zubarwa na kusa kashe aikin sati uku, ita kuwa da ta yarda ba ta sani ba, ba ta bar komai a baya ba.