Albasar da muka rufe da leda

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da magaza, wato ɗakunan ajiya, a wani kamfanin albasa a Madawa. Muna saye daga manoman fadama bayan girbi, mu adana, mu sayar idan ta yi tsada. Aikina in ga ba ta ruɓe ba. Ban iya karatu ba a lokacin, amma da hanci nake gane buhun da ya fara lalacewa.

Wata shekara mai kamfanin ya kawo mana malami daga Yamai, ya yi mana kwana uku na horo. Mutum ne mai ladabi, yana ce mini baba ko da yake ban girme shi sosai ba. Ya nuna mana hotunan wata ƙasa inda ake jera albasa a kan katako, a lulluɓe ta da leda saboda ƙwari. Ya ce haka za mu riƙa yi, a bar rudu, rumbun kara irin na kakanni.

Na san albasarmu tana son iska. A rudu, karan dawa ke ƙarƙashinta, iska na bi ta kowane gefe. Cikin zafin bazara, leda sai ta sa ta gumi. Duk mu shida da ke zaune mun san haka. Amma a wurinmu ba a gyara wa baƙo magana a gaban wanda ya gayyato shi. Da ya tambaya ko mun gane, muka ce to. Shi kuma ya ɗauka mun yarda ne.

Kafin wata biyu wari ya cika magaza. Kwana huɗu muna fitar da ruɓaɓɓiya da amalanke, hannuwana suka saɓule. Mai kamfanin ya kira ni, ya ce ni ne babba a wurin, gobe in miƙa makulli ga wani. Na ce masa tun ranar horon na san haka za ta faru.

Sai ya ce, "Malam, ka sani, ka yi shiru?"

"Alhaji, baƙonka ne. Kuma ba wanda ya tambaye ni yadda nake yi."

Bai kore ni ba, ya mai da ni wajen ɗinkin buhu. Daga baya ya sa dukkanmu ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, wai duk mai shawara ya rubuta, tunda bakinmu ya yi nauyi. Ina tafiya ajin da ciwon baya, alli na karyewa a yatsuna. Abokan aikina suna tsokanata, wai tsoho ya koma lakkol, makarantar yara, sai a saya mini wando gajere.

Sai da na shekara biyu kafin na iya cika rabin takarda. Na rubuta a ci gaba da amfani da katakon malamin, don ya fi rudu ɗaukar kaya, amma a shimfiɗa kara a kai, a cire leda, a huda bango ta gabas da yamma. An gwada a ɗaki ɗaya, albasa ta kai damina lafiya. Bana an yi wa sauran ɗakunan haka.

Makullin yana hannun wanda aka ba. Da safe yakan biyo ta wurin ɗinki ya ce in zo in shaƙa masa ɗakunan, in je, in dawo kan buhuna. Na daina sa ran za a maido mini da shi, gwiwoyina ma ba sa son hawan katakon yanzu.