Mai Diga da Dogo

Mai Diga ake ce masa a unguwa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan: haƙa dogon ramin da ake shimfiɗa bututun ruwa a ciki. Bai yi boko ba. Turancinsa kaf kalma ɗaya ce, tirenci, wadda ya tsinta a bakin ɗan kwangila. Da farko ma ya zaci zagi ne, sai da ya lura duk sanda mutumin ya faɗe ta, igiyar da aka ja a ƙasa yake nunawa.

Matarsa ta rasu da wuri, 'yarsu tilo ta tashi a hannun goggonta a wani gari. Shi kuwa ba mai surutu ba ne, a rami yake wuni, ba abin da yake gani sai ƙafafun masu wucewa.

Wata shekara aka haɗa shi aiki da wani baƙon lebura daga wata ƙasa, siriri, zanƙalele, wanda ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Hausa. Aka laƙaba masa Dogo. Ranar farko suka tsaya suna kallon juna, sai Dogo ya nuna igiya ya ce, "Tirenci?"

"Tirenci," in ji Mai Diga.

Shi ke nan, sun sami yare. Da safe gaisuwa ce. In Dogo ya buɗe kwanon abinci ya faɗe ta, to "bismilla" yake nufi. In ya ja ta da tsawo yana dafe ƙugu, gajiya ce. Kowa yakan fara haƙa daga nasa ɓangaren, su yi ta sara har su haɗe a tsakiya, su zauna a inuwar ramin suna dariya ba dalili.

Da aka kawo motar haƙa, aka sallami leburori. Dogo ya koma ƙasarsu. A tasha ya riƙe hannun Mai Diga gam, amma kalmar tasu ba ta yi musu amfani ba a wannan karon.

Yanzu Mai Diga gadin wani shagon bututu yake yi, gwiwoyi sun ƙi. Kwanaki 'yarsa ta leƙo shi, ya ce, "Uwata, duba min tirenci a wayar nan taki."

Ta karanta masa: dogon rami mara faɗi, na ruwa ko na harsashin gini, ko wanda sojoji ke fakewa a ciki.

"Ba su ce ana kiran mutum cin abinci da ita ba?"

Ta tuntsire da dariya. "Kai, Baba! Wa ya faɗa maka?"

Ya buɗe baki zai ba ta labari, sai mijinta ya danna ham daga bakin titi. Mai Diga ya raka ta har mota, ya tsaya sai da suka sha kwana, sannan ya dawo ya shigar da kujerar da ya aro mata.