Doña Awilda da Sikelin Agada

Kuma kar ka bari su ce maka wai taurin kai ne kawai, don masu faɗin haka rabinsu ko taya ba su taɓa canzawa ba. Taurin kai kam tana da shi, duk garinmu Villalba an sani. Amma tsaya ka ji yadda aka yi tukuna.

Doña Awilda ba irin matan nan ba ce da iska ke kaɗawa. Allah ya yi mata jiki, ita kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kai ba. Motar raba tukunyar gas take ja tun tana budurwa. Ta hau tuddan nan namu masu lanƙwasa kamar hanjin kaza, ta saɓa tukunya a kafaɗa ta dire maka a bayan kicin, ta sha maka gahawa, ta zagi karenka, ta wuce. Mijinta ya tafi Orlando, can Amurka, bayan guguwar da ta yaye rufin rabin gari, ya aiko ta biyo shi. Ta ce ya gaida mutanen can. Abin da ya rage mata nata na kanta shi ne Lahadi, kuma duk Lahadin duniya a filin tseren motoci na Salinas take ƙarewa, tana ihu har murya ta dushe.

A gindin mangwaron wata tsohuwa Awilda ta gano motar da za ta zama ta tserenta. 'Yar Starlet ce, ƙarama kamar kwalin sabulu, kaji sun mai da ita ɗakin ƙwai. Mu nan in mutum ya ga irin wannan ba tsatsa yake gani ba, bodi yake gani marar nauyi yana jiran inji. Ta ɗaure ta a bayan motar gas ta jawo ta har garejin yayanta Berto, bakaniken da ya tsufa a ƙarƙashin motocin mutane.

Berto ya leƙo ya ce, "Wannan kuma gawar waye?"

"Taka ce in ba ka matsa ba. Buɗe min ƙofa."

Injinta na asali, mai tari kamar tsohon mashayin taba, suka cire suka jefar bayan gareji. Wanda za a sa na wata Mazda ce da ta rungumi bishiya, irin injin nan marar fistin, wanda wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Bai fi tukunyar gas girma ba, amma in ya tashi sai ka rantse aljanu ne ke dambe a cikin garwa. Shigar da shi fa ba wasa ba ne. Sai da suka yanke bangon da ke tsakanin inji da ƙafar direba, suka tura shi baya, suka yi masa mazauni. Giya ta ƙi shiga raminta, suka faɗaɗa ramin. Ƙafar baya kuwa ta wata a-kori-kura suka samo suka rage mata faɗi. Awilda ke walda, Berto na awo yana mita. In ta taso daga aiki ko wanka ba ta yi, sai gareji. Hannayenta duk suka zama tabon tartsatsi.

Ranar da za a tayar da injin, ta zuba ɗan mai a cikin fetur ta girgiza, don shi wannan injin ba ya cin tuwo gaya, sai da miya. Ta murza. Wayyo! Karnukan unguwa suka watse, faston cocin da ke makwabtaka ya tsaya tsakiyar wa'azi ya fito da makirfo a hannu. Awilda na zaune a ciki tana ba ta wuta tana dariya, hawaye na zuba.

To a nan rigima ta fara.

A garejin Berto, gina mota daban, hawanta daban. Mai mota ya zuba guminsa, ranar tsere sai a nemo wani siriri a ɗaure a kujera, don a irin wannan 'yar motar duk nauyin da ka ƙara mata a ƙarshen fili za ka gan shi. Haka ubansu ya yi, haka Berto ya taso ya tarar. Shi a wajensa ba ma abin tambaya ba ne. Sai ga shi wata Asabar ya shigo da Eliezer, wanda kowa ke kira Taliya, don in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Direba ne na gaske, ba ƙarya. Ya gaishe ta, ya shiga motar, ya kama kujera ya jawo ta gaba.

Awilda ta ɗaga gilashin walda daga fuskarta. "Kai, me kake yi?"

"Doña, ƙafata ba ta kaiwa totur."

"Tawa tana kaiwa. Mai da ita inda ka same ta, ka fito."

Berto ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskarta sai dariyar ta tsaya. "Ke Awilda, ba dai ke za ki hau ba?"

"A'a, faston zan ba. Wa ka ga ya ƙona hannu a kanta?"

"Haba ƙanwata. Ki dubi motar, ki dubi kanki. Ke fa Taliya biyu ce har da canji."

"Uku ma in na ci na ƙoshi. Sai me?"

"Sai ki sha ƙurar Don Monse a gaban duk Salinas, ni kuma a ce injin da na haɗa ne ba ya ja."

Don Monse manomin agada ne a bayan gari, yana da wata 'yar Datsun da ta daɗe tana wanke mutane, surukinsa mai kama da sandar rake ke ja masa. Shi Awilda take so ta kayar, tun ba yau ba.

Ta kalli motar. Maganar Berto gaskiya ce, ta sani, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Can ta ce, "To ji. Abin da na fi Taliya, zan cire shi daga jikin motar. In na cire, ni zan hau. In na kasa, ya hau."

"Kin yarda?"

"Na faɗa."

Sikelin auna agada suka aro, kuma wajen Don Monse ɗin, don shi kaɗai ke da babba. Da kansa ya kawo, wai ba za a ba shi labari ba. Awilda ta hau, allura ta zabura ta tsaya can, Berto ya sa ƙusa ya karce wajen. Taliya ya hau, allura ta ɗan motsa kamar an tashe ta daga barci. Don Monse ya riƙe ciki don dariya. "Doña, ki bar masa mana. Ko ki sayi tirela in nemo miki abokin tsere."

"Ka ajiye haƙoranka, Don Monse, za ka buƙace su ranar cizon yatsa."

Tsarin mai sauƙi ne. Duk abin da aka cire daga motar, Taliya zai hau sikeli ya rungume shi, har allura ta kai karcen ƙusa. Aka fara da kujerar baya da ta fasinja. Aka yaye kafet. Gilasan gefe aka sauke aka sa roba. Bamba gaba da baya, rediyo, fankar zafi, madubai, hannun ƙofa. Kowace Asabar unguwa ta taru ta ga Taliya tsaye a kan sikeli, kaya sun binne shi sai ƙafafu, yana kuka daga ciki, "Doña, bayana zai karye!" Ita kuma ta ce, "Yi shiru, allura na tafiya."

Matan layi suka fara kawo mata shawara. Wannan ta ce shayin kaza, waccan ta ce ta bar cin dare, ai rage kaɗan daga nan ya fi sauƙi. Awilda ta aika aka sayo mata mofongo, dakakkiyar agada tana naso da tafarnuwa, ta zauna a kan bonet ta cinye a gabansu tana lashe yatsu. "Motar na ce zan rage. Ni ban yi wa kowa alkawarin kaina ba."

Ta koma huda. Cikin ƙofofi ta bi da abin huda har suka zama kamar rariya. Ta sauya bonet da na roba, ta kankare kwaltar da ke shafe a ƙasan bodi, ta tara ɓarɓashin a buhu, shi ma Taliya ya rungume. Allura ta matso, ta matso, sai ta tsaya. Saura ɗan yatsa biyu tsakaninta da karcen. Kuma babu sauran abin cirewa.

Ana gobe tsere, da la'asar, Berto ya dawo daga sayen fulogi ya ji injin yankan ƙarfe na kuka. Ya shiga da gudu. Awilda na durƙushe a cikin motar, ta ɗora injin a kan ɗaya daga cikin sandunan kejin ƙarfen nan da ke tare direba in mota ta kife. Har ta fara cin fenti. Ya fizge wayar daga bango.

"Kin haukace?"

"Wannan sandar kaɗai ta isa ta kai allura."

"Wannan sandar ita za ta dawo min da ke gida! Wallahi kika yanke ta, da hannuna zan zare injina. Kuma masu duba mota ba za su bar ki ki shiga fili ba, kin sani."

Ta sani. Ta zauna a ƙasan motar da babu kafet, injin yankan a cinyarta, tana huci. Sannan ta ajiye shi.

Berto ya sassauta murya. "Kin yi ƙoƙari, kowa ya gani. Amma magana magana ce. Gobe Taliya."



Washegari a Salinas rana ta buɗe, hayaƙin taya da na nama sun haɗu, kiɗa na tashi daga bayan kowace mota. Taliya ya sa rigarsa ya zo ɗaukar hular kwano, ya tarar ba ta nan. Tana kan Awilda, ita kuma tana cikin mota, ta riga ta ɗaura bel.

"Doña..."

"Je ka sayi abin sanyi, ɗana. Ka ce a rubuta a kaina."

Berto ya iso fuska a murtuke. "Ke kika ce in kin kasa ya hau."

"Na faɗa."

"To?"

"To na fasa. Kai ƙara inda za ka kai. Bakina ne ya yi alkawari, hannuna ne ya yi mota, kuma yau hannu ya fi baki."

"Ba zan tsaya miki a layi ba."

"Kar ka tsaya."

Aka kira su, ita da Datsun ɗin Don Monse. Ta shiga ruwan da ake zubawa kafin layin tashi ta murza tayoyin baya su yi zafi, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta zame gefe. Ba wanda ke gabanta ya daidaita ta, hular kuma ta hana ta waiwaye. Ta ja baya ta karkace, ta dawo ta sake karkacewa. Mutane suka fara sowa. Berto na gefe ya harɗe hannu, muƙamuƙinsa na motsi. Da ta karkace karo na gaba sai ya yi tsaki, ya tsallaka ya tsaya a gabanta, yana yi mata alama da hannu yana zaginta, hagu kaɗan, ke hagu na ce, tsaya! Ya zagayo ya zura hannu ya ƙara ja mata bel har ta yi nishi. "Kar ki ɗaga ƙafa sai kin wuce tuta. In kika fasa min inji, ba ni ba ke." Ya daki rufin motar ya matsa.

Fitila ta yi kore.

Abin da ta ji, kamar ƙato ya tokare ta a gadon baya. Gaban motar ya ɗaga, sama ta cika gilashi, ya dawo ya dira. Ta sa giya ta biyu. Ƙofofin da ta huda suna kaɗawa kamar kwanon rufi, zafin inji na gasa mata ƙafa, ƙara ta cika mata kai har ba ta jin ihun da take yi da bakinta. Datsun na gefenta, kafaɗa da kafaɗa. Ta sa ta uku. Suna tare. Ta sa ta huɗu, sai ta ga hancin Datsun na zamewa gaba a hankali, a hankali, ita kuma ƙafarta ta riga ta kai ƙasa, babu sauran abin takawa.

Da ɗan abin da bai fi tsawon hannu ba surukin Don Monse ya riga ta.

Kafin ta dawo an gama lissafi. Kowa ya zama gwani. Don Monse na ta washe haƙora, Berto ya buɗe ƙofa ya ce, "Kin gani? Yatsa biyun nan ne. Da Taliya ne, da yanzu kofi na hannunmu."

Taliya ya sunkuyar da kai. "Gaskiya Doña, da na ci."

Ta cire hular. Gashi ya jiƙe, fuska kuwa kamar an yi mata albishir. "Da ka ci, na sani. Ni kuma da ina can ina yi maka tafi. Kai Berto, ka ji yadda ta ɗaga kai? Ka ji ta a giya ta uku?"

"Na ji an kayar da ke."

"Ni aka kayar. Ni. Haɗa min mai, akwai zagaye na biyu."

Ya harare ta. Sai ya juya ya ɗauko jarka.

Har yau ba ta kayar da Don Monse ba, kuma har yau ba wanda ya sake taɓa mata kujera. A layinmu an rabu biyu, wasu na cewa ta yi asarar mota mai kyau, ta kuma ci alkawari a gaban yayanta, wasu kuma na cewa ai motarta ce. Ta ci ɗin, ba wanda ya musa. To kai fa, tsakaninka da Allah, da motarka ce, sauka za ka yi?