Sawun Kamiyo a Kufanmu

Baba bai taɓa kwatanta hanya da kilomita ba, da itace yake yi. In ka tambaye shi ina kufanmu yake, wato ƙauyen da aka haife shi can cikin dajin Baban Rafi, sai ya gyara zama ya soma jero maka: ka wuce Gabi, ka bar babban marke a hagu, ka sauka ƙorama wajen kanya mai kogo, ka hau tudu har ka tarar da taura a jere, daga nan ka miƙe har sai ƙirya ta tare ka. Gabas da gindin ƙiryar nan aka binne mahaifiyarsa, shekarar da rijiyar ƙauyen ta rushe kowa ya kama gabansa. Tun muna yara muka haddace wannan jeri, har mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa.

Da yanar ido ta rufe shi, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, sai ya tasa ni gaba. Ni ne mai mota a gidan, wata tsohuwar katkat mai ja da taya huɗu da nake jigilar kaya da ita tsakanin Madarunfa da Ɗan Issa. Duk sanda na je gaishe shi, maganar ke nan.

"Ka kai ni in yi ma Inna addu'a. Kuma ka ga wurin da idonka. In na tahi, ba sauran wanda ya san inda take."

Na yi ta kawo dalilai, yau ruwa bai ɗauke ba, gobe mota ba lafiya. Shi kuwa ko gezau. Ƙarshen damina na gaji, na cika jarkoki da isansi, wato fetur, da ruwa, na jefa shebur da igiya a baya, na ɗaura masa matashi a kujera. Wannan tun daji bai gagari shiga ba ne.

Direban daji yana da doka guda da ba ya karyawa: kada ka bar sawun wanda ya riga ka. Inda taya ta taka ta wuce, nan ƙasa ta daddale, nan za ta ɗauke ka. Wurin tsayawa ma haka, ka nemi inda wasu suka tsaya suka juya, don kada ka wayi gari mota ta nutse. Da wannan doka na ci abinci shekara da shekaru, kuma ina alfahari da ita.

Mun kwana Gabi wajen dangi, da safe muka shiga daji. Baba ya sauke gilashi ya fitar da fuskarsa, yana jiran inuwar marke ta gifta masa. Muka yi ta tafiya, mota na tsalle a kan saiwoyi, sabara na karce mata jiki. Rana ta ɗaga, inuwa ba ta gifta ba.

"Ka wuce shi, ɗan nan. Gudu gare ka kamar wanda ya yi sata."

"Baba, giya ta ɗaya nake. Jaki ma zai wuce mu."

"To ina marken?"

Na tsaya na fita na duba. Hanya ba ɗaya ba ce kamar yadda ya sani, ta rarrabu ta ko'ina, duk sawun kamiyo ne, manyan motocin da ke kwasar itace da gawayi zuwa Maraɗi. Kututture kuwa ko'ina ka waiga, wani sabo har yana zubar da ƙaro, wani ya yi baƙi. Wanne ne marken Baba a cikinsu? Na koma na ce masa wataƙila yana gaba. Ƙarya na yi, shi ma ya san ƙarya ce, ya dai ɗaga gilashin.

Ranar nan ɓata muka yi, ba wani suna da zan sa mata. Duk sawun da na bi sai ya kai ni fili mai cike da toka da ɓawon itace, ya mutu a nan. In juyo, in kama wani, shi ma haka. Raina ya soma ɓaci, ina dukan sitiyari ina zagin mutanen da ban sani ba. Dajin da Baba ke ba mu labari, wanda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshen itace, ya koma geza da kalgo iya ƙugu. Da yamma muka faɗa wata ruga, wani dattijon Bafulatani ya sauke mu ya ba mu nono. Baba ya jero masa itatuwansa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon yana saurare yana cewa "an sare", "ita ma an sare", kamar mai amsa gaisuwar mutuwa. Ƙoramar kaɗai ya iya nuna mana, don ita ba ta saruwa.

Washegari muka iso ƙoramar. Gangara ce mai tsayi, ruwa ya zaizaye gefenta ya bar kwazazzabai, ƙasanta kuma laka ce baƙa. Na sa katkat a ƙaramar giya na bi sawun da na gani, amma sawun kamiyo ya fi ƙarfin ƙaramar mota, ramin tayarsa ya yi zurfi. Ƙasan motar ya zauna daram a kan tudun tsakiya, tayoyi na juyawa a banza. Na fito da shebur na yi ta haƙa har rigata ta jiƙe sharkaf. A irin wannan hali rassa ake sarowa a shimfiɗa ƙarƙashin taya. Na hau gaɓa da adda ina neman reshe mai kauri, a tsakiyar daji, ban samu ba. Na yi jifa da addar, na tsaya ina huci, Baba na zaune cikin mota yana jan carbi.

Wanda ya fitar da mu shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Kamiyo ne ya gangaro, an labta masa buhunan gawayi har yana rangaji. Direban ya diro da fara'a, ya durƙusa ya gai da Baba, ya ɗaura igiya ya fisge mu kamar ana cire ƙaya. Har goro ya ba Baba. Na so ya zama mugu in samu abin zagi, sai ga shi mutumin kirki.

"Ina zuwa haka da tsoho cikin dajin ga?" ya tambaye ni.

Na ce kufai muke nema, mai babbar ƙirya.

"Af, ai wurin lodinmu ne! Ƙiryar nan ta yi albarka, gawayinta har maƙera rububi suka yi. Ku bi sawuna, ba ya kaucewa, har can zai kai ku."

"Kun san akwai mutane kwance a wurin?" na ce.

Ya dube ni ya dubi Baba, fara'ar ta ragu. "Wallahi ban sani ba, malam. Mu an ce mu ɗauko ne, mu ɗauko."

Na buɗe baki zan sauke masa duk abin da na tara tun jiya, Baba ya ce, "Kai, yi mishi godiya mu tahi." Na yi godiyar, amma ban san da wace murya ta fito ba.

Ba mu ƙara maganar taura ba. Na bi sawun kamiyon ya hau da ni tudu, ya ratsa wani fako, ya sake kutsawa cikin geza. Baba bai sauke gilashi ba. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce Inna takan aike shi tsintar 'ya'yan ƙirya don daddawa, in ya dawo da kaɗan ta ce tsuntsaye sun fi shi zuciya. Ya yi 'yar dariya shi kaɗai. Ni ban iya tayawa ba.

Rana ta karkata muka fito wani fili. Ramukan gawayi ne ta kowane gefe, wasu na hayaƙi, da yagaggun buhuna da gwangwanayen man inji. Daga gefe ga kututture mai faɗi kamar tabarmar sallah, an ma soma haƙe gindinsa don a ci saiwar. Na duba inda zan tsaya. Ko'ina ƙasa ta yi laushi da toka, sai wuri guda kusa da kututturen, a daddale sumul, inda manyan motoci ke juyawa su yi lodi. Bayan wahalar ƙorama ban yi wani tunani ba, na hau wurin na kashe mota.

Na riƙo hannun Baba na fito da shi. Ya tsaya, ya cire hula, ya bar rana ta dake shi a ka.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Kai ni gindinta."

Na kai shi. Ya durƙusa ya shafa kututturen da tafin hannu, ya bi gefensa yana lalube har ya zagaye shi. Bai yi kuka ba, ni ne ma hawayen takaici suka cika wa ido. Sannan ya miƙe ya jingina dugadugansa da itacen, ya tambaye ni ina gabas. Na juya shi. Ya ce in sake shi. Ya soma takawa a hankali, sanda a gaba, leɓɓansa na motsi. Ina biye da shi ina kallon ƙasa kada ya taka garwashi, shi ya sa ban lura da inda ya nufa ba sai da sandar ta bugi ƙarfe.

"Mi ne nan?"

"Mota ce, Baba."

Ya sake ɗora sandar a jikin ƙofar, a hankali wannan karon.

"Ɗauke ta, ɗan nan. Bisa Inna take."

Ban san yadda na shiga motar ba. Na tayar da ita, na leƙo ta taga na ce ta ina zan bi. Ya ce ko'ina mutane ne, kawunsa na nan, ƙanwarsa da ta rasu tana goye na can, duk maƙabartar ƙauyen ce. Na koma da baya a kan sawuna, taya bisa taya, ina ji kamar a kan ƙirjina nake tafiya. Fushi nake da masu sara, da masu lodi, da duk wanda ya taɓa hura gawayin nan ya dafa shayi, har da ni, da dokata ta direbobi da ta kai ni daidai kan kakata.

Da na dawo a ƙasa na tarar da shi zaune a wurin da motar ta tashi. Yana share zanen taya da hannunsa, yana lallaɓa ƙasar kamar mai gyara shimfiɗa. Ya yi addu'a mai tsawo na shafa tare da shi. Na jawo ƙayoyi na zagaye wurin, ina sane da cewa kamiyon farko da zai zo lodi zai bi ta kansu.

Muna shirin tafiya ya kama hannuna.

"Ka ga wurin?"

"Na gani, Baba."

"In ka zo ba ni, da mi za ka gane shi?"

Na duba gabas na duba yamma. Ba marke, ba kanya, ba taura, kututturen ma kwanansa ya ƙare. Abu ɗaya ne a dajin nan da na tabbata zan dawo in tarar.

"Da sawun kamiyo, Baba," na ce.

Ya mayar da hularsa, ya miƙo mini sandar in ja shi zuwa mota.